Jinin Mai Lamba Tara

Dakta Tasi'u ya wurgar da takardar sakamako.

"Umaima, wane malalaci ne mai lamba tara? Duk wanda ya tuƙa keken gwaji awa guda, furotin ɗin da jiki ke fitarwa in ya wahala ya ƙaru a jininsa. Nasa ko gezau. Cire shi, bai tuƙa komai ba!"

Ma'aikaciyar ɗakin gwajin ta taɓe baki.

"Dakta, Inna Gumsu ce, mai dashen shinkafa a fadama. A gabana ta tuƙa, 'yan ƙwallon da ka kawo gwajin suna ta haki."

"Ƙarya ne!"

"Har godiya ta yi da ta sauka. Wai rabonta da ta samu zama na awa guda tun kafin damina."