Baƙo Mai Tsabta

Russell Halvorsen ya sayi gidan ne ta waya, yana zaune a kicin ɗinsa a birnin Duluth na Amurka, a shekarar da aka sallame shi daga aiki. Gidan katako ne a duwatsun Tennessee, kusa da wani ƙauye da sunansa ya ɓace mini yanzu. Bai taɓa taka jihar ba.

Haka masu koyar da harkar hayar gidajen hutu suka ce a yi. Ka sayi gida inda masu hutu suke zuwa, ka sami mai shara amintacciya, ka sa makullin lamba a ƙofa. Sauran aikin na na'ura ne. Baƙo ya kama gida, ita za ta aika masa lambar shiga, wato lambobi huɗun ƙarshe na wayarsa, don kada ya manta. Mai gida ba sai ya duba ba.

Mahaifinsa Arne, tsohon direban bas, bai ga abin burgewa ba. Kowace Lahadi Russell yakan kira shi, kowace Lahadi kuma sai ya sha gori.

"Ina labari, mai otal? Beyar dajin ta biya kuɗin kwana?"

"Baba, don Allah."

"Ni dai ban taɓa ganin wanda ya sayi ko takalmi bai gwada ba. Kai ka sayi gida."

Bazara ta wuce ba baƙo. A kwarin nan kaɗai irin gidansa sun fi a ƙirga, kowanne da bahon ruwan zafi, kowanne yana karya farashi. Russell ya daina aski, ya daina fita. Matarsa Noreen ta ƙara aikin Asabar. Wata Lahadi Arne ya kira da kansa, ya ji muryar ɗan nasa, bai yi gorin ba.

Sai ga Harlan Boyd.

Ya kama gidan na mako guda. Wata na zagayowa ya sake kamawa, sannan ya sake. Bai taɓa ƙorafi ba, bai taɓa tambayar inda ake ajiye gawayi ba. In ya tashi yakan bar yabon tauraro biyar a shafin haya da 'yan kalmomi: "Gida mai kyau. Mai shi yana ƙoƙari." Twila mai shara takan turo hotunan gadaje a gyare tsaf. Ta ce ba ta taɓa ganin baƙo mai tsabta irinsa ba.

Russell ya yi aski. Ya fara dariya a wajen cin abinci.

A kakar nan ne Arne ya sayar da kwalekwalensa na kamun kifi, ya ce gwiwa ta hana. Ya daina zuwa shan kofi da tsofaffin direbobi, ya ce surutunsu ya ishe shi. Wayar zamani da ya daɗe yana zagi kuwa, sai ga shi yana latsa ta da tabarau a kan hanci. Tsufa ne, in ji Noreen.

Masu koyar da harkar sun kuma ce gida ɗaya ba sana'a ba ce. In na farko ya kama, ka jinginar da abin da kake da shi ka sayi na biyu. Abin da Russell yake da shi shi ne gidan da suke kwana a ciki, shi da Noreen da 'ya'yansu mata.

Arne ya zo har gida, bai ko cire hula ba.

"Kada ka yi, Russ."

"Baba, kasuwa ta buɗe. Ina da baƙo na dindindin."

"Mutum ɗaya! In ya daina zuwa fa?"

"Me zai hana shi? Kai dai tun ina yaro ba ka taɓa yarda zan iya komai ba."

 Tsohon ya daɗe yana kallon fuskar ɗansa, wadda ta yi fes da aski. Sai ya ce zai tafi kafin hanya ta daskare.

Russell ya sa hannu.

Arne ya rasu a Janairu, ko Fabrairu ne, lokacin dai tafki ya daskare. Ba a sami wani abin kirki a asusunsa ba, dangi suka yi ta mamaki. Gida na biyu bai taɓa samun baƙo ba. Harlan Boyd ma ya yi shiru. Russell ya aika masa saƙo, ya rage masa farashi, ya sake ragewa. Sanyi ne, ya ce wa Noreen, da bazara zai dawo.

Bazara ta zo. Banki ya sa ranar karɓar gidan Duluth. Noreen ta fara haɗa kaya a kwali.

Russell ya tuƙa mota zuwa Tennessee don ya sayar da gidajen ko a nawa ne. A karo na farko ya tsaya a gaban ƙofar gidan Tennessee na farko, sai ya tuna bai san lambar shiga ba. Ya kira Twila.

"Ayya, ɗan'uwa, ai har yanzu ta Mista Boyd ce a kai. Bari in duba." Ta hau dubawa. "Ni fa ban taɓa sa shi a ido ba. Ko tawul bai taɓa jiƙawa ba, bawan Allah. To, ga ta. Huɗu, ɗaya…"

Ba ta ƙarasa ba ƙofar ta buɗe. Yatsan Russell ya riga ya cike sauran da kansa, don ƙarshen lambar mahaifinsa ce, wadda ya saba kira kowace Lahadi.