Bututu na Uku

Tef ɗin awo ya yi ƙara tun bai yi nisa ba. Injiniya ta jawo shi, ta goge bakinsa da gefen mayafi, ta sake zura shi cikin bututun. A daidai wurin ya sake yin ƙara, alamar ya taɓa ruwa. Yau kwana casa'in cif, lambar ta ƙi sauka, kuma da azahar za ta miƙa rahoto.

Rafi ne yake gangarowa daga kan dutse, ya ratsa ta bayan gidaje. Wani kamfani yana so ya tare shi daga sama, ya karkatar da ruwan zuwa gonakinsa. Hukumar ruwa ta ce sai an auna tukuna. In rafin ne yake shayar da ƙasa, to da shi rijiyoyin mutane suke rayuwa, ba mai taɓa shi. In kuwa ƙasa ce take ba rafin ruwa, rijiyoyin suna da nasu, kamfani ya kawo motocinsa. Ita Injiniya aka ba aikin, don a nan aka haife ta.

Bututun roba uku ta kafa a bakin rafin, kowanne da ƙananan huji a gindinsa don ruwan ƙasa ya shiga. Na farko ya ci karo da dutse, na biyu shanu suka tattake shi. Saura na uku, wanda ke cikin ƙasa mai laka a bayan lambun Inna, mahaifiyarta, daf da rijiyoyin. Da ruwan cikinsa zai tsaya ƙasa da ruwan rafi, da mutane sun tsira. Shi kuwa kullum ƙarfe takwas na safe sai ta same shi ya haura rafin da santimita talatin, alamar ƙasa ce take ba rafin ruwa. Na'urar da ke auna da kanta dare da rana, wadda ta roƙa tun farko, har yau ce mata ake yi tana kan hanya.

Abin ya ƙi shiga kanta. Tun tana yarinya ta san cewa duk rani in rafi ya ja baya, sai an ƙara wa guga igiya. Ta sake gwada tef ɗin, ta sake duba alamar tsayi, ta ari wani tef a ofis. Duk ɗaya. Ta mayar da murfin bututun, wanda ko laka ba ta taɓa samu a kansa ba, ta nufi gida.

Inna na zaune a ƙofar ɗaki tana shafa man zafi a kwankwaso, silifas ɗinta a jingine da bango suna ɗigar ruwa. Watannin nan ciwon baya ya sa ta a gaba, amma ka ce ta huta da zuwa lambu da sassafe ka ga faɗa. A kan benci kuma ga Kawu, ƙanen Inna, wanda rijiyarsa ce take shayar da gida bakwai. Ko gaisuwa bai bari ta ƙarasa ba.

"Lamba ce fa kawai, 'yar nan. Biro a hannunki yake."

"Kawu, in na canza, kamfani zai kawo nasa mutumin ya auna. A kama ni da ƙarya, mu rasa rafin, mu rasa mutunci."

"To ki riƙe mutuncin. Shi za mu riƙa sha."

Ya kaɗe rigarsa ya fita. Ita Inna duk zancen awon nan bai taɓa zama mata a kai ba, abin da ta sani shi ne 'yarta injiniya ce, kuma bututun gwamnati a bayan lambunta yake.

A ofis fanka na juyawa kamar ba ta so. Mutum biyar a tebur, lauyan kamfani na shida, yana ta duba agogo. Shugaban hukuma ya bi layukan da yatsa har ƙasa, ya ɗago. Ya tambaye ta ko ta tabbata, don izinin na shekara ashirin da biyar ne, kuma da an buga hatimi ba komawa.

Ta tuna Kawu, ta tuna matan da suka yi ta yi mata addu'a ranar da ta kafa bututun. Kalma ɗaya za ta faɗa, ta ce tana shakka, a ɗage zaman. Amma shakkar me? Sau casa'in ta auna da hannunta. Ta ce ta tabbata, ta sa hannu, aka buga hatimi.

Kafin la'asar labari ya riga ta isa gida. Ta yi sallama a majalisa biyu, ba wanda ya amsa. Can kan dutse ana jiyo rurin motar haƙa, ashe a shirye suke tun jiya. Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, kukan da ta riƙe tun safe ya ƙwace mata.

Inna ta shigo tana dafa bango, ta zauna kusa da ita, ta dafa mata kafaɗa.

"Share hawayenki. Hassada ce kawai, ba wanda zai ce aikinki bai yi kyau ba. Ni dai ban bari kin ji kunya ba. Washegarin ranar da kika kafa bututun nan na leƙa da sassafe, na ga ruwan can ƙasa kamar zai ƙafe, na ce ba za a ce 'yata ta kafa abin da ba ya kawo ruwa ba. Tun daga ranar, kullum kafin ki tashi sai na ɗura masa bokiti biyu, ko sau ɗaya ban yi fashi ba."