Mai Rigar La'asar

Da sunan Allah Mai rahama, wanda ba Ya kuskure kuma ba Ya mantuwa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ana idar da sallar la'asar sai Baba Tela ya miƙe yana lalubar takalmansa. Lokacin da ciwon mantuwa yake tayar masa ke nan. Ya ce an ajiye shi a gidan mutane, shi gida za shi, maiɗakinsa tana jiransa.

Likita bai ɓoye wa ɗan Baba Tela kome ba. Ƙwayar safe ba ta dawo da abin da ya tafi, sassauta gudun ciwon kaɗai take yi. Ƙwayar kwantar da hankali kuwa, da aka gwada ta, sai ta mayar da dattijon kamar tsumma, yana gyangyaɗi har a kan sallaya, dole aka dakatar. "Kada ku yi musu da shi," in ji likitan. "Ku ba hannunsa aikin da ya sani."

Saboda haka aka shigo da tsohon keken ɗinkinsa aka girke bakin taga.

Yau ma, Baba Tela bai kai ƙofa ba aka yi sallama. Wata dattijuwa ce lulluɓe da mayafi, da riga a hannunta.

"Malam tela, kalmasar ce ta warware."

Ya sunkuyar da kai, domin bai taɓa ƙura wa matar wani ido ba. Ya ce wa ɗansa, "Kai, bar ƙofar nan a buɗe. Bai dace in keɓe da baƙuwa ba."

Ya zauna. Kafin ya nemi almakashi ta miƙo masa. Ya shafa bakin rigar, ya ji shi duk hudar allura.

"Wane mugun tela ne ya mayar miki da riga rariya?"

"Wani ne mai faɗan tsiya," in ji ta, "amma hannunsa yana da kyau."

Ya yi dariya, ƙafarsa ta kama taka keke, numfashinsa ya daidaita. Ya auna rigar da tafin hannu, sai ya tsaya cak.

"Tsawonki ɗaya da na maiɗakina. Hajiya, ko kin san ta? Tun da aka kawo ni nan ba ta leƙo ba. In wani laifi na yi mata, a roƙar mini ita. Ina tsoron in mutu ban gan ta ba."

Ɗan ya juya fuskarsa ga bango. An taɓa gaya wa dattijon gaskiya game da ita. Ya ce ƙarya ake masa, ya fasa kofi, ya yini bai ci abinci ba. Tun daga ranar ba a sake ba.

"Zan isar mata," in ji dattijuwar. "Na san ta yafe tuni."

Ya gama kalmasar ana shirin kiran magariba, ya manta da zancen takalmi. Ta karɓa, ta yi godiya, ta fita. Amma ba ƙofar waje ta nufa ba. Ɗakin da yake kusa ta shiga, ta ajiye mayafi, ta ɗauki reza ta fara warware ɗinkin saboda gobe.

Ɗan ya biyo ta, ya durƙusa. "Umma, kawo in warware miki yau."

Allah Ya jiƙan mai rubutu da mai karatu, Ya bar mu da hankalinmu, Ya saka wa matar da take yin sallama kullum a ƙofar mijinta a matsayin baƙuwa.