Aron Ido Ranar Tseren Keke

Kekunan ba su ɓullo ba tukuna, amma tudun ya riga ya cika da mutane. A nan hanyar Isa take hawa kan marmara kafin ta gangara Sabon Birni, a nan kuma ake gane wanda ƙafarsa ke da ƙwari.

Usmanu ya raɓe can gefe, gindin wata aduwa da aka zage ganyenta tas. Hutu ya samu daga masaƙar da yake aiki a Kano. Ya sauka Isa da jaka cike da tsaraba, ya kama ɗaki a bayan tasha. Kullum sai ya ce gobe zai ƙarasa inda ya nufa, goben ta zo ta wuce. Da ya ji ƙwararrun 'yan tseren keke za su kara, sai ya samu abin fakewa na yini guda.

Bai ji daɗin fitowar ba. Damina ta sake ƙi. A hanya ya ga mushen shanu, ya ga mata suna tone gidan tururuwa don tsintar ƙwayar gero. Nan kan tudu ma kowa wuya ya zurma, riga tana lilo a jiki. Shi kaɗai ne mai kumatu da shadda mai sheƙi. Ya ja hula har gira, ya kama bakinsa.

Sai ga wani tsoho yana laluben ƙasa da sanda, ƙafafunsa fururu da ƙura, idanunsa duka biyu sun yi yana. Ya yi sallama. Usmanu ya amsa ciki-ciki, ya kawar da kai, kamar yadda yake ta kawarwa tun da ya sauka ƙasar. Ya so ya matsa, taro ya tokare shi.

"Yaro, ara mani idonka," in ji tsohon. "Daga Kurawa nit taho da ƙahwa. An ce akwai 'yan Kano cikinsu."

"Akwai su, Baba," Usmanu ya ce da Kananci, murya ƙasa-ƙasa.

Tsohon ya jingina da itacen, ya shiga magana ba tare da an tambaye shi ba. Yana da ɗa, Sodangi suke ce masa a gida. Shekarar da farin ya fara, yaron ya ɗauki keken gidan da sunan zai nemo hatsi kasuwar Isa, ba a sake ganinsa ba. Daga baya aka ce yana Kano. Tun yana ƙarami babu mai kamo shi a kan keke, don haka in har 'yan Kano sun zo tsere, ai ba za a rasa shi ba.

"Ba hushi nika yi ba," ya ce. "Yunwa ta kore shi. Uwatai dai, in ta ji ƙararrawar keke, har yau sai ta leƙo zaure."

Usmanu ya ƙara jan hularsa ƙasa.

Can aka busa usur. Babur ya wuce yana share hanya, bayansa sai ga su nan sun dunƙule kamar 'yan tsaki, riguna ja da kore, lamba a baya. Da suka kama hawa, dunƙulen ya warware. Suka miƙe tsaye kan feda, kekuna na rangaji, sarƙa na kuka, gumi na ɗiga a kan marmara. Mutanen da ba su karya kumallo ba suka ɓarke da ihu.

"Wa ag gaba?" Tsohon ya damƙi hannun rigarsa.

Na gaban, a gaskiya, wani gajere ne fari, mai faɗin kafaɗa.

"Wani dogo ne, baƙi," in ji Usmanu.

"Da zanen Gobirawa?"

"Da shi, Baba."

"Yana karkata kai hagu in yana hawa?"

"Yana karkatawa."

Daga nan bakinsa ya ƙwace masa. Ya ce dogon ya ba su rata, ya ce ko waiwaye ba ya yi, ya ce ya haye tudun kamar ana tura shi, jama'a na kiran sunansa. Tsohon yana dariya, hawaye na bin tsagar fuskarsa. Kowace ƙarya Usmanu ya yi, sai ya ji ta koma ta zauna masa a ƙirji kamar dutsen niƙa.

Na ƙarshe ya wuce yana tura kekensa da hannu. Ƙura ta kwanta, taro ya fara gangarawa gari.

"Sun wuce, Baba. Ba sa tsayawa. Daga can mota za ta kwashe su."

Ya zaro burodin da ya sayo a tasha, ya cusa a tafin tsohon, ya juya da sauri. Bai yi taku ba ya ji busassun yatsu sun kama wuyan hannunsa, sun riƙe gam.

"Tun amsa sallama nis shaida muryarka," in ji tsohon a hankali. "Ƙaryar ta isa hakanan, Sodangi. Kama mani sandar ga, mu tahi gida."