Bijimin da Bai Ji Sunansa Ba

Ka ce mini sunayen yaran da ka tarar a makarantar kan dutse suna karya maka harshe, shi ya sa ka gutsuttsura su, kowa ka kira shi da abin da ya zo bakinka, kuma suna amsawa. Na yarda suna amsawa, ɗana. Mu ma mun amsa a zamaninmu. Gyara zama in ba ka misali.

Wani manomi ne yake da sa guda wanda ya rena tun yana maraƙi, yana neman na biyu don ya haɗa su a garma. Da kaka ta yi kyau sai ya tafi kara, kasuwar shanu, ya sami wani farin bijimi mai faɗin ƙirji a hannun wani tsohon makiyayi. Da ciniki ya faɗa, tsohon ya riƙe igiyar bai sake ba, ya ce sai ya koya masa sunan san tukuna. Suna ne mai tsawo a harshensu, ana fara shi a hanci, a ɗan tsare shi a maƙogwaro, sannan a sake shi da ja. Da tsohon ya faɗa, bijimin ya ɗago kai daga ciyawa ya zo ya sa hancinsa a kafaɗarsa. Manomi ya gwada, harshensa ya harɗe, dillalai suka fashe da dariya, wani ya ce, "Maigida, kira kake yi ko ƙashin kifi ne ya maƙale?" Kunya ta kama shi. Ya fizgi igiyar ya ce, "Baffa, sa na zo saye, ban zo koyon waƙa ba." Tsohon ya ce, "Igiyar nan tana riƙe shi in yana kusa da kai. Ran da ya yi nisa, sunan ne igiyarsa." Manomi bai tsaya ba. A hanya ya yanke kan sunan, ya murɗe shi yadda ya yi wa bakinsa daɗi, ya yar da sauran.

Duk rani, in ya kira da guntun sunan nan, bijimi yakan zo da sauri. Har yakan yi wa maƙwabta nuni, ya ce su duba, dabba ai ba ruwanta da nahawu. Abin da bai lura ba shi ne, bai taɓa kiransa hannu wofi ba. Kullum da ƙwaryar dusa da kanwa a hannunsa, kuma ita san yake amsa wa.

Gonarsa tana hayin rafi. Wata rana da damina ta kankama, aka yi ruwa mai yawa can gabas, su kuwa ko ɗigo bai sauka a kansu ba. Da la'asar ya kwance karkiya ya koro shanun gida, ya tarar rafin ya ɗan taso, ya ga ai za su wuce. Suna tsakiya sai ruwan ya iso, ja wur, ɗauke da itace da kara. Shi ya samu ya kama saiwa ya haye. Ya juya ya kira tsohon sansa, san ya bi muryarsa ya fito ta mashigi. Farin bijimin kuwa ya firgita, ya miƙe ƙasa inda gaɓa take a tsaye, babu wurin sa kofato. Ƙarfi bai ƙare masa ba, iyo yake yi sosai, kansa a sama, kunnuwansa suna juyawa hagu da dama suna neman muryar da za su bi. Manomi ya bi gaɓa da gudu yana ƙwala guntun sunan. San bai waiwayo ba, don a wurinsa wannan ƙara ce cikin ƙarar ruwa. Sai mutumin ya shiga lalubo na ainihin, ya faɗa haka, ya faɗa haka. Sau ɗaya ya kusa dacewa, har kunne ɗaya ya tsaya cak ya karkato wajensa. Ya sake faɗa, ya kuskure, ruwan ya sha kwana da san. Washegari aka same shi a sarƙe cikin saiwoyi. Ba a kai ga sa masa wuƙa ba, saboda haka ko naman ba a ci ba. Sa ɗaya ba ya jan garma. Manomi ya koma wa fartanya, rabin gonar ta zama saura a shekarar.

Bayan kaka ya haɗu da tsohon makiyayin a kasuwa. Bayan gaisuwa, tsohon ya tambayi lafiyar bijimin, ya ambace shi da cikakken sunansa kamar mai tambayar ɗa.  Manomi ya ce, "Baffa, sake faɗa." Tsohon ya sake, a hankali. Manomi ya bi bakinsa, ya kuskure, ya kuma bi, sai ga sunan ya fito daidai, tun daga hanci har zuwa jan ƙarshe. Duka koyon bai kai tsawon shan ruwa a moɗa ba. Ya tsaya nan tsakiyar kasuwa yana riƙe da sunan a bakinsa, babu mai amsawa.

Yaran nan suna amsa maka ne don alli da bulala suna hannunka. Akwai ranar da ɗayansu zai yi nisa, ka so ka kira shi ya juyo. Gobe ka tsayar da kowannensu ya faɗi sunansa, ka bi bakinsa, in sun yi dariya ka bari su yi, ka sake. Hausawa dai sun riga sun faɗa: ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.