Ƙasar Ganuwa

Wani malami na isowa da ɗalibansa tsohuwar ganuwar bayan garin Dangora, ya tarar ana saran guntun da ya rage da diga. Ya daɗe yana yi musu alkawarin za su taɓa ta da hannunsu.

Ya ruga ya riƙe hannun dattijon da ke saran. "Baba, don girman Allah ku dakata. Ita kaɗai kakanni suka bar mana."

Dattijon ya ce, "Malam, ajinku da ruwa ya rushe za mu tayar. Babu sauran jar ƙasa sai wannan."

Malamin ya waiwayi yaran da suka ƙare damina suna karatu a gindin mangwaro. Ya saki hannun dattijon, ya ce wa yaran:

"Ku zo ku taɓa ta, kafin ta zama bangonku."