Yadda Ake Riƙe Wuƙa

Suka ta uku ce ta katse ihun mai birnin, jininsa ya fantsama har bangon majami'ar da Fafaroma zai zo buɗewa. Mai zane yana bisa tsani, ya ƙanƙame shi, don mamacin ne, saboda ya ci fuskar ƙaninsa, ya sa shi zana ƙanin a bangon a matsayin hauni mai sare kai. Ga kuma ƙanin tsaye a ƙasa, wuƙarsa na ɗiga, ya ƙura wa bangon ido.

"Kai tsoho, wancan mai ƙaton hancin, ni ne?"

"Ranka ya daɗe... laifin hasken wurin ne."

"Sauko."

Ya sauko yana shafa wuyansa, yana bankwana da shi.

"Yayana ya yi asarar ciyar da kai. Wane sakarai ke riƙe wuƙa haka? Dubi nan." Ya taka ƙirjin gawar, ya ɗaga hannu. "Zana mu kafin shafen bangon ya bushe."

Ya kuwa zana. Shekara talatin yana roƙon masu mulki su daina motsi in ana zana su. Yau ya sami ɗaya da ko ido bai ƙifta ba.